Gidan Hutu A Dubai Ko Ɗakunan Haya A Kinkinau?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in fito da wata magana da ta hana gidanmu barci tun bayan Ƙaramar Sallah. Da na so in bar ta a cikin gida, amma da na taɓo ta a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Kinkinau, sai na tarar ashe ba mu kaɗai wannan iska ta kaɗa ba.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fara kasuwanci da tebur a Kasuwar Barci, yau kuma Allah Ya buɗa masa, yana da shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, yana sayar da abaya da turare da takalma, sau biyu ko uku a shekara yakan je Dubai saro kaya. A tafiyarsa ta baya wani dillali a unguwar Deira ya nuna masa hoton wani dogon bene a waya, benen da ko tubali ɗaya ba a ɗora ba tukuna. Wai ya biya kashi 20 cikin 100 yanzu, sauran kuma kaɗan-kaɗan duk bayan wata uku, har ranar da za a miƙa masa mabuɗin ɗaki da falo. Ya dawo da zancen a baki, wai shi ma zai riƙa kai iyali hutu kamar yadda manyan alhazai ke yi. To kuɗin hannunsa ba su kai ba. Sai ya ce zai sayar da filinsa na nan Kinkinau, wanda har an zuba harsashin ɗakuna takwas a cikinsa, sannan a sayar da gonar mahaifinmu da ke wajen Turunku a ba shi rance, in ya samu ya mayar. Gonar nan kuwa akwai rabon 'yan'uwanmu mata uku a cikinta.

Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja, kuma ba ƙarama ba. Ya ce mini, "Yaya, kai kana lissafi da naira, naira kuwa ƙanƙara ce a hannu." Gaskiyarsa. Mu da muka ga zamanin da gwamnati ke sayar da dala a kan naira 22 a shekarun 1990 ba sai an ba mu labari ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, daga wajen 460 a dala ɗaya, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Dirhamin Dubai kuwa a ɗaure yake da dala, kusan dirhami 3.67 ke nan a dala ɗaya, ba ya motsi. Saboda haka wanda ya riga ya gama biyan gida a can kafin wannan faɗuwa, dukiyarsa ta ninka in ka juya ta zuwa naira. Ban musa ba.

Amma jama'a ku lura, na ce wanda ya gama biya. Ƙanena ba biya zai gama ba, bashi zai ɗauka a dirhami alhali cinikinsa a naira yake. Bari in ba da misali don 'yan'uwana masu ƙaramin jari su gane. A ce kowane zubi dirhami 10,000 ne, wato dala 2,700 da 'yan kai. Lokacin da dala take 460, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin ta ishe ka. Da ta kai 1,500, zubin nan guda ya koma sama da naira miliyan huɗu, kuma abayar da ke shagonka ba ta ninka riba sau uku ba, sai ma masu saye da suka ragu. Wuƙar da yake tsammanin za ta kare shi ita ce za ta yanke shi. In kuwa ya kasa zubi, dokar can ta ba kamfanin damar soke ciniki ya riƙe kaso mai tsoka na kuɗin. Ga kuɗin rajista kashi 4 cikin 100 na farashin gida, ga kuɗin kula da bene da ake biya kowace shekara, ko ka kwana a ɗakin ko ba ka kwana ba. Kuma kada a manta, a 2002 ne Dubai ta fara barin baƙi su mallaki gida, mutane suka yi ta rububi, sai ga shi tsakanin 2008 da 2009 farashi ya faɗi kusan rabi, benaye da dama da aka sayar a takarda aka watsar da su rabi da rabi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Duk wannan ma ba shi ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙofa. Gidan da ba za ka iya shiga ba sai wani ya buga maka hatimi a fasfo, anya naka ne duka? A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Nijeriya biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa ƙasar nan. Sai a Yulin 2024 aka sanar da dawo da biza, jirgin kuma ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoban 2024. Kusan shekara biyu ke nan. Shi kansa ƙanena a wancan lokaci ta hannun wasu yake aika sautun kaya, ya manta ne? Dillalin ya kwaɗaita masa takardar zama ta shekara goma, amma bai faɗa masa da ƙarfi ba cewa wannan ta mai gidan dirhami miliyan biyu ce, wato sama da dala dubu ɗari biyar. Ina mai shagon abaya, ina wannan?

Kuma ba Dubai kaɗai ba. Tsofaffinmu fataken goro suna ba mu labarin abin da ya faru a Gana a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Mutanen da suka yi gidaje a zangon Kumasi suka sayar da su a wulaƙance, wasu ma suka baro su haka nan. Mu ma mun yi wa wasu irin haka a 1983 zamanin Shagari, don haka ba zagin kowa nake yi ba, halin gwamnatoci ne. Na kusa-kusa kuma, wanda yake da gida a Khartoum ya wayi gari ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke, ɗalibanmu ma da ƙyar aka kwaso su ta kan iyakar Masar. Ko Maraɗi da muke ɗauka tamkar Katsina, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024.

Sai maganar hutun kanta, wadda ita ce ke ba ni dariya. Mutumin da ko washegarin Sallah sai ya leƙa shago, kwana nawa zai huta a shekara? Dogon hutun yara a Yuli da Agusta yake, lokacin da zafin Dubai ke wuce maki 40, ba mai iya taka ƙasa da rana. Ga kuɗin jirgin mutum tara. In ya ce zai ba da ɗakin haya in ba ya nan, to ya zama gidan haya ke nan, sai dai gidan hayar da ba ya gani da idonsa, wani wakili ne zai karɓa ya cire nasa ya aiko masa da lissafi a waya. In hutu ne, ai masauki na kwana goma ya wadatar, ka biya ka kama gabanka.

Yanzu mu dawo Kinkinau. Duk wanda ya daɗe a Kaduna ya san yadda unguwannin nan suka cika. Bayan rikicin 2000 da na 2002, Allah kada Ya maimaita mana, jama'a da yawa suka ƙauro wannan ɓangare na kogi, Tudun Wada da Unguwar Mu'azu da Rigasa da Kinkinau suka tumbatsa. Da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a 2016 aka ƙara samun masu neman wurin zama. Ga ɗaliban Kaduna Polytechnic, ga sababbin angwaye, ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Birnin Gwari da Giwa da Igabi. A layinmu ɗaki ba ya yin mako guda a rufe, tun ana shafe ake zuwa tambaya. Ɗakuna takwas ɗin nan da ya zuba wa harsashi, in ya rufa huɗu bana ya sa mutane, kuɗin hayarsu za su taimaka a rufa sauran. Ba wanda zai ba shi wa'adin wata uku, in kasuwa ta ja baya ya dakata, bulo ba ya ruɓewa. Kuma kowane buhun siminti da ya saya yau ya tsere wa tsadar gobe, mun dai ga yadda buhu ya haura naira 10,000 a wasu wurare a Fabrairun 2024. Magini da kafinta da mai yashi da mai tura ruwa, duk 'yan unguwa ne za su ci abinci a ciki.

Kada wani ya ɗauka ina cewa gidan haya hutu ne. Ni ma ina da ɗakuna uku a bayan gidana, na san ɗacinsa. Akwai ɗan hayar da ya yi wata goma sha huɗu bai ba ni ko kwabo ba, kullum sai "Baba a ƙara haƙuri", ranar da ya tashi kuma da dare ya kwashe kayansa, har da ƙwan fitila. Akwai yashe masai, akwai rigimar kuɗin wuta, akwai faɗan mata a bakin rijiya wanda kai za a kira ka raba. Kuɗin haya kuma ba ya bin dala da gudu, domin wanda ke cikin ɗakin albashinsa ko cinikinsa bai ƙaru ba, in ka tsawwala masa Allah na ganinka. Amma duk waɗannan matsaloli ne da nake zuwa da ƙafata in same su. In abin ya fi ƙarfina akwai mai unguwa, akwai liman, akwai kotu, kuma da Hausa za a yi shari'ar.

Ƙanena ya kawo zancen rusau, ya ce ai a nan ma ba tabbas, tunda a gabansa aka rushe Kasuwar Barci a 2020. Wannan ma gaskiya ce, kuma darasi ne. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke, takardar da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu ba ta isa ita kaɗai ba. Duk mai niyyar gina ɗakunan haya ya fara zuwa KADGIS ya nemi takardar mallaka, ya nemi izinin gini a KASUPDA, kada ya gina a kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, kada kuma ya ci titi ko da taƙi ɗaya. Wahala ce da kashe kuɗi, amma sau ɗaya ake yinta.

Akwai kuma ranar da ba ma son tunawa. In ta Allah ta kasance, matansa biyu da 'ya'yansa shida, waye a cikinsu zai nemi biza ya je ya tsaya gaban kotun wata ƙasa da takardun da sai an fassara, ya ɗauki lauya da dirhami, don a raba ɗaki da falo? Gidan Kinkinau kuwa malamai za su zo su auna, kowa ya san ɗakinsa, marayu su ci gaba da karɓar haya suna biyan kuɗin makaranta.

Ina kira ga 'yan'uwana na karkara musamman. In ɗanku na birni ya zo da hoton bene a waya yana neman a sayar da gona, ku tambaye shi abu uku: an gama ginin, da wane kuɗi za a ƙarasa biya, kuma in aka hana biza wa zai je ya duba? Gonar Turunku ita ke ba 'yan'uwanmu mata masarar da suke ci har damina ta zagayo, ɗaya daga cikinsu mijinta ya rasu. Na faɗa wa ƙanena a gaban kawunmu cewa ba zan sa hannu a takardar sayar da ita ba. Filinsa kuwa nasa ne, ba ni da ikon hana shi, sai dai na roƙe shi ya bari sai bayan Babbar Sallah, na kuma ce in zai ɗora bulo ni zan ba shi tifa biyu ta yashi. Har yanzu bai ba ni amsa ba, gaisuwa ma sama-sama muke yi.

Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya binciko mana dalla-dalla matakan samun takardar fili a Kaduna da abin da ake biya, a buga da Hausa, domin da yawanmu tsoron ofis ne ke sa mu faɗa hannun 'yan kamasho.

Naku,
Wani mai sayar da hatsi,
Kinkinau, Kaduna.