Wasiƙa a Buɗe ga Masu Gyaran Kayan Lantarki Game da Aisi UC3842

Zuwa ga masu gyaran talabijin da caja da sauran kayan lantarki, iyayen gida da yaran shago baki ɗaya.

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne jan hankali ga wata ɗabi'a da ta yi yawa a teburan gyara, wato da zarar sashen ba da wuta na na'ura ya mutu, sai a ɗora laifin a kan ƙaramar aisi mai ƙafa takwas da ke kusa da taransifoma, a cire ta a sa sabuwa, alhali ba a auna ko ƙafa ɗaya daga cikin ƙafafunta ba. Sau da yawa sabuwar ma ba ta tashi, ko ta ƙone nan take, mai kaya ya biya kuɗin abin da bai lalace ba. Aisin da za a yi bayani a kanta ita ce UC3842, wadda kamfanin Unitrode na Amurka ya ƙera kafin Texas Instruments ya saye shi a 1999, domin wanda ya fahimce ta ya sami mabuɗin fahimtar mafi yawan 'yan uwanta.

Wutar da ke shigowa daga soket, mai ƙarfin volt 220 zuwa 230, wuta ce mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma dayod huɗu ne ke miƙar da ita ta zama mai gudana ta fuska ɗaya, sannan babbar kapasita ta tara ta har ta kai volt 310 ko sama da haka. Daga nan mosfet, wato taransistar da ke aikin makunni, yana kunna wannan wuta yana kashewa cikin taransifoma sau dubbai a daƙiƙa, kuma wannan sauri shi ne dalilin da ya sa taransifomar caja ta zamani ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, alhali ta da mai ƙarfe sai an ɗauka da hannu biyu. Aikin aisi shi ne ta ƙayyade tsawon lokacin da mosfet zai zauna a kunne a kowane zagaye, kamar yadda mai ban ruwa a fadama ke buɗe bakin kwami ya toshe gwargwadon ƙishin ƙasa: idan kaya sun ja wuta da yawa sai ta tsawaita, idan sun rage ta gajarta. Wannan dabara ita ake rubutawa PWM a takardun bayani, kuma aisi ta farko da ta tattara ta a guntu ɗaya ita ce SG1524 da Bob Mammano ya tsara a kamfanin Silicon General a 1976.

Ana ƙirga ƙafafu daga ɗigon da ke jikin aisi, a sauka ta hagu daga 1 zuwa 4, a hau ta dama daga 5 zuwa 8, amma bai dace a bi su a wannan jeri wajen bincike ba, domin ba a haka suke farkawa ba. Ta farko a aiki ita ce ƙafa ta 7, mai suna VCC, wadda aisi ke samun wutarta ta nan, ana auna ta da ƙafa ta 5, wato ƙasan aisi. UC3842 ba ta motsi sai wutar ƙafa ta 7 ta kai volt 16, kuma idan ta tashi ba ta kwanciya sai wutar ta sauka ƙasa da volt 10. Kafin ta tashi abin da take ja bai kai miliamfiya ɗaya ba, shi ya sa rizista mai yawan om da ta taho daga babbar kapasita take isa ta cika ƙaramar kapasitar ƙafa ta 7 a hankali. Amma da ta tashi sai bukatarta ta haura miliamfiya 10, abin da rizistar ba za ta iya bayarwa ba, don haka dole wani ƙaramin naɗi na taransifoma ya karɓi ciyar da ita ta hanyar dayod kafin abin da kapasitar ta tara ya ƙare. Tazarar da ke tsakanin 16 da 10 an yi ta ne domin wannan miƙa aiki ya yiwu.

A nan ne mafi yawan matsaloli ke ɓuya. Idan rizistar tashi ta yanke, ƙafa ta 7 ba za ta sami komai ba, na'ura ta yi shiru alhali fiyus lafiya yake. Idan kuwa ƙaramar kapasitar ta bushe, abin da zafin ƙasashenmu da zaman kaya cikin ƙura ke gaggautawa, ko dayod ɗin naɗin ya mutu, ko akwai gajeren haɗi a wajen fitar wuta, sai aisi ta tashi ta faɗi, ta sake tashi ta sake faɗuwa, a riƙa jin ƙarar "tik-tik" kuma allurar mita tana hawa da sauka tsakanin 10 da 16. Wannan ƙara shaida ce ta cewa aisi tana da rai, kuma wanda ya cire ta bayan ya ji ƙarar ya cire abin da ya tabbatar masa da lafiyarsa.

Da aisi ta farka, ƙafa ta 8, mai suna VREF, sai ta fitar da volt 5 daidai, kuma babu awon da ya fi wannan saurin bayyana gaskiya: volt 16 a ƙafa ta 7 ba tare da 5 a ta 8 ba yana nufin aisi ta mutu ko wani abu a waje yana danne ƙafar. Daga ƙafa ta 8 rizista ke zuwa ƙafa ta 4, daga ta 4 kuma ƙaramar kapasita ta sauka ƙasa, kuma cika da zubar da wannan kapasita ke yi shi ne agogon aisi. Lissafinsa shi ne a raba 1.72 da sakamakon ninka rizistar da kapasitar, ta yadda kilo-om 10 da nanofarad 3.3 ke ba da kusan zagaye 52,000 a daƙiƙa.

Ƙafa ta 6 ce ke tura ƙofar mosfet, ta cikin ƙaramar rizista, kuma tana iya ba da amfiya ɗaya na ɗan ƙiftawa domin ƙofar ta buɗe ta rufe da sauri, tun da mosfet da ke jinkiri tsakanin kunnuwa da mutuwa zafi yake yi. Amma ƙafar da ta bambanta wannan aisi da irin su TL494 ita ce ta 3. Tsakanin ƙafar mosfet da ƙasa akwai rizista mai ƙarancin om, misali 0.5 ko 0.33, wadda duk wutar da ta ratsa taransifoma sai ta bi ta cikinta, ƙafa ta 3 kuma tana kallon volt ɗin da ke tasowa a kanta a kowane zagaye, tana yanke mosfet da zarar ya kai iyakar da aka sa, kuma iyakar ba ta taɓa wuce volt 1. Ke nan rizistar 0.5 ta tsayar da kwararar wuta a amfiya 2, ta 0.33 kuma a kusan amfiya 3. Mai gyaran da ya ga wannan rizista ta ƙone ya maye gurbinta da guntun waya ya makantar da aisi, domin ba za ta ƙara ganin hauhawar wuta ba har sai mosfet ya fashe. Wanda kuma ya sa mai om da yawa fiye da ƙima zai ga na'ura tana tashi amma tana gazawa da an ɗora mata kaya. Haka nan idan mosfet ya narke ta ciki, wutar volt 300 takan bi ta ƙafa ta 6 da ta 3 ta kashe aisi, shi ya sa a irin wannan hali ake sauya mosfet da aisi da rizistocin da ke tsakaninsu tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba.

Ƙafa ta 2 da ta 1 su ke kawo labarin wutar da ke fita. Ta 2 tana gwada abin da aka kawo mata da volt 2.5 na cikin aisi, ta 1 kuma ita ce sakamakon gwajin, wanda ke ɗaga iyakar ƙafa ta 3 ko ya sauke ta. A yawancin caja, wata ƙaramar aisi mai suna TL431 ce ke auna wutar fita, ta aika saƙo ta opto, wato guntu mai ƙafa huɗu irin PC817 da ke isar da saƙo da haske domin kada ɓangaren soket ya haɗu da ɓangaren da hannu ke taɓawa. Idan opto ta yanke, wutar fita takan haura ta lalata abin da ke gaba, don haka wuta mai yawa ko mai rawa a nemi dalilinta a nan.

Lambar ƙarshe ta sunan aisi ma ba ado ba ce, duk da cewa a kasuwa akan miƙo wa mai saye wadda ta samu a ce duk ɗaya ne. UC3843 da UC3845 suna tashi a volt 8.4 su kwanta a 7.6, UC3844 kuma tana bin 16 da 10 kamar UC3842, sannan UC3844 da UC3845 ba sa barin mosfet ya wuce rabin zagaye a kunne, kuma saurin fitarsu rabin na agogonsu ne. Saboda haka batirin volt 12 ba zai tayar da UC3842 lafiyayya ba, kuma gwaji a kan tebur yana bukatar volt 17 ko 18 a ƙafa ta 7, bayan an zare na'ura daga soket.

Ya wajaba a tuna cewa ƙafa ta 5 ba ƙasa ce mai aminci ba, domin haɗe take da wutar soket ta cikin dayod, kuma babbar kapasita takan riƙe volt ɗaruruwa bayan an kashe wuta, sai an zubar da ita ta rizista, ba da bakin sukundireba ba. Kunnawar farko bayan gyara a yi ta da ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a jere da layin wuta: idan ya haska ya dushe an dace, idan ya tsaya da haske akwai sauran gajeren haɗi. Roƙon da ake yi ga iyayen gida shi ne kada su bar yaro ya ɗora ayan a kan wannan aisi sai ya faɗi abin da mita ta nuna a ƙafa ta 7 da ta 8 da ta 4, ya kuma auna rizistar ƙafa ta 3. Allah ya sa albarka a sana'a. Wassalam.