Afuwar Ƙane Da Kukan Uwa A Birnin Dallas

Akwai wani ɗan tsibiri a tekun Karibiyan, sunansa Sen Lusiya. Daga can ne wani saurayi Kirista, Botham Jean, ya tafi Amurka neman ilmi. Ya sauke karatunsa a Jami'ar Harding cikin 2016, ya sami aikin akawu a birnin Dallas ta jihar Texas, ran Lahadi kuwa shi ke jan waƙa a majami'arsu.

Ran 6 ga Satumba 2018, da dare, yana zaune cikin ɗakinsa a hawa na huɗu na wani babban bene, sai ga wata 'yar sanda Baturiya, Amber Guyger, ta turo ƙofa. Ita a hawa na uku take, daidai ƙarƙashinsa. Ta ce wai ta zaci ɗakinta ne, ɓarawo ya shigar mata. Ta harbe shi, ya mutu yana da shekara 26, ba ko sanda a hannunsa. Iyayen da suka sallami ɗa ya tafi karatu, gawarsa aka komar musu.

Da aka zo shari'a cikin Oktoba 2019, aka same ta da laifin kisankai, aka ɗaure ta shekara 10, ko da yake lauyoyin gwamnati sun nemi 28. Mutane a bakin kotu suka fusata, suna cewa hukuncin ya yi sauƙi. Ana cikin haka aka ba ƙanen mamacin, Brandt, yaro ɗan shekara 18, damar magana. Ya dubi matar, ya ce ya yafe mata, ba ya ma so ta shiga kurkuku, abin da yake yi mata fata shi ne ta miƙa ranta ga Almasihu. Sa'an nan ya roƙi alƙali izini, ya sauko ya rungume ta, tana kuka.

To, wannan hoto ya zaga duniya, kowa na yabo. Amma a ranar nan mahaifiyarsu, Allison Jean, ta yi nata jawabi, kaɗan ne suka riƙe shi. Ta ce ɓarnar da aka gani cikin binciken lalle a daina ta, birnin Dallas ya wanke cikinsa. Tana da hujja kuwa. Sai bayan kwana uku aka kama wadda ta yi harbin. Aka kuma binciki ɗakin mamacin, labari ya bazu an ga 'yar wiwi a ciki, kamar dai shi ne abin tuhuma.

A ganina wanda ya ɗauki maganar yaron ya yar da ta uwar bai fahimci ko ɗaya ba. Littafinsu ya hore su da yafe wa maƙiyi da yi masa addu'a, shi ne kuma ya tsananta a kan haƙƙin baƙo da jinin marar laifi. Yaron ya sauke abin da ke hannunsa, wato ƙullin zuciyarsa, don kada ƙiyayya ta cinye sauran rayuwarsa. Gyaran 'yan sanda da tsare ran baƙo kuwa ba a hannunsa suke ba, balle ya yafe su. Wannan bashi ne a wuyan hukuma, uwar kuwa shi ta zo bi.

Baƙar fata da yawa a Amurka sun yi gunaguni, suna cewa kullum su ake kashewa, kullum kuma su ake jira su yafe. Suka tuna da Charleston, inda cikin 2015 aka harbe mutum 9 a majami'a, waɗansu daga danginsu suka yafe wa mai kisan tun kafin a binne gawawwakin. Ƙorafin nan yana da nauyi, ban raina shi ba. Sai dai a kai shi ƙofar waɗanda suka mai da afuwar yaro mayafin rufe laifi. Wanda aka kashe wa wa, ba mai ikon ce masa ya yi hanzari ko ya yi jinkiri.

Iyalin nan ba su koma tsibirinsu sun yi shiru ba. Cikin 2021 jihar Texas ta kafa doka da sunan ɗansu, wadda ta wajabta wa ɗan sanda barin kyamarar jikinsa a kunne muddin yana cikin bincike, aka kuma sa wa wani titi a Dallas sunansa. Cikin 2024, da lokaci ya yi da za a duba ko a saki matar kafin wa'adinta ya cika, uwar ta ce ba ta yarda ba. Hukumar ta ƙi sakinta.