Ra'ayinmu: Gwanin Fiyano da Makaɗin Ƙauye

A birnin Boston na Amurka akwai makarantar kiɗa mai suna Berklee, wadda aka kafa a 1945. Ɗalibi yakan shafe shekara huɗu a can yana koyon kiɗan jaz a kan fiyano, kuma ƙololuwar abin da ake so ya iya shi ne ƙirƙira nan take: a ba shi ginshiƙin waƙa, ya ɗora nasa a kai, ba takarda a gabansa, ba kuma maimaita na jiya. Wanda ya iya wannan, shi ake kira gwani.

To, 'yan'uwa ɗalibai, mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa halartar gayya a ƙasar Gaya ko Ajingi ya ga mai gangar noma yana bin manoma kuyya-kuyya, yana sauya kiɗa gwargwadon ƙarfinsu, yana kiran kowa da takensa. Mai kalangu kuwa matse tsarkiya yake yi a hammata yana saki, har gangar ta bi hawa da saukar muryar Hausa, ta faɗi magana a gane. Mawaƙi yana da amshinsa da ba ya canzawa, amma abin da ke tsakanin amshi da amshi a wurin yake haifarsa. Ashe ba wannan ne ilmin da ake biya wa kuɗi a Boston ba?

Baƙi sun riga mu ganewa. Randy Weston, gwanin fiyano, ya zo Nijeriya a 1961, ya sake dawowa bikin FESTAC a 1977, yana neman tushen kiɗansa. Yusef Lateef ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga 1981 zuwa 1985, yana nazarin sarewar Fulani. Ita wannan jami'a ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Amma mu da muka tashi da wannan kiɗa a kunne, da zarar mun sa rigar boko sai mu ce roƙo ne. Lalle abin da ke kusa da ido ba ya kwarjini.

Ba mu jahilci dalilin masu ƙyama ba. Akwai zambo, akwai bambaɗanci, akwai kuma taron da mai mutunci ba ya zuwa. Sai dai laifin wasu masu sana'a ba ya mayar da sana'ar jahilci. Kuma lokaci ba ya jira: Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, ga na'ura tana korar makaɗa daga gidajen biki, 'ya'yansu suna barin gādo.

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'a da ta gayyato tsofaffin makaɗan Gaya da Ajingi su koyar, a biya su hakkinsu kamar kowane malami, ba a nuna su ranar bikin al'adu a sallame su da kuɗin mota ba. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta tura 'ya'yanta lokacin hutu su ɗauki sautinsu, su rubuta sunan kowane take da ma'anarsa. Mai son fiyano ya koya, ba mu hana ba. Amma ya fara sanin abin da gangar gidansu ke faɗa, don kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya sa mu farga tun masu ilmin suna raye.