Ku Bar Yara Su Buɗe Baki

 Kukana a kan yaranmu ne 'yan ajin farko na sakandare a nan Jidda. Malami ya naɗa yaro shugaban aji, ya komo gida da murna, sai uba ya ce, "Rufe mana baki, wuce kanti!" Haba Alhaji! Ashe Manzon Allah (SAW) bai shugabantar da Usama ɗan Zaidu bisa runduna ba, alhali bai cika shekara 20 ba? Makarantar Falah ta garin nan kuwa, attajiri ne irinku, Muhammadu Ali Zainal, ya kafa ta a 1905. Ladabi daban, tsoro daban. In mun kashe musu zuciya yau, gobe wa zai tsaya mana gaban hukuma? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wassalam.