Yaushe Rabonka Da Ganin Ungulu?

Ɗan'uwa, dakata da latsa wayar nan na minti ɗaya ka amsa mini: yaushe rabonka da ganin ungulu? Ba a TikTok ba, da idonka. Ke ma 'yar'uwa da ke nake. Tambayi kowane dattijo a Mando ko Kawo, zai gaya maka a da ba a raba mayanka da ungulaye, kan rufin kasuwa ma jeruwa suke yi kamar masu jiran rabo. Yau sai ka shekara ba ka ga ko guda ba. Sun ɓace a gaban idonmu, kuma babu wanda ya rubuta ranar da ya yi musu ganin ƙarshe.

Shi ya sa shafin nan yake roƙonka abu ɗaya a hunturun bana: ka ware yini guda ka kalli tsuntsaye, ka rubuta abin da ka gani. Na san za a yi dariya. A wurinmu tsuntsu na danƙo ne ko na keji, wanda kuwa ya tsaya yana kallon sama sai a ce zaman banza ya ishe shi. To, saurara tukuna.

Nijeriya na da tsuntsaye sama da iri 900, kuma ba duka ne 'yan gida ba. Daga wajen Satumba, in sanyi ya tunkaro Turai, miliyoyinsu ke ƙetaro Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a ƙasashenmu, su zauna har Maris ko Afrilu. Wani ko rabin nauyin ƙwan kaza bai kai ba, amma ya yi tafiyar dubban kilomita, ba biza ba fasfo. Shamuwa kuma akasin haka take yi: da damina take zuwa mana, yanzu tana can kudancin Afirka. Kakanninmu da ita suke gane ruwa ya kusa tun kafin a san hasashen yanayi a rediyo. Hunturu ne lokacin da baƙi da 'yan gida suke haɗuwa, ganye ya zube, ciyawa ta bushe, komai a fili.

Fara daga ƙofar gidanku. Bayan sallar asuba, kafin tashar Mando ta ɗauki hayaniya, saka rigar sanyi ka tsaya shiru na minti ashirin. Za ka ji kurciya, ka ga hasbiya kan kwano, hankaka na zagaya bola, balbelu sun yi sahu sun nufi inda shanu suke. Duba gindin darbejiya, akwai 'yan mitsi-mitsin jajayen tsuntsaye suna tsince. In da mangwaro a kusa, mai yiwuwa cilakowa ta leƙo. Rana na ɗagawa shirwa za ta fara shawagi. Kafin mai shayi ya gama haɗa maka, ka ƙirga iri takwas ko goma a layin da kake cewa babu komai sai ƙura.

Da hantsi ka bi ta Kawo ka gangara Gamji, lambun Hassan Usman Katsina da ke bakin kogin Kaduna, inda aka kafa tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Mu ba mu da teku, amma da rani kogin nan yakan ja baya ya bar duwatsu da rairayi, kuma nan tsuntsayen ruwa suke taruwa. Ga zalɓe tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi. Ga wani mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike, sai ya faɗa ruwa ya fito da kifi. Ka lura da wani ɗan ƙarami mai ruwan ƙasa da farin ciki, yana gudu a gefen ruwa yana ta gyaɗa wutsiya. Wannan baƙo ne, a Turai ko arewacin Asiya aka ƙyanƙyashe shi.

Da la'asar ka leƙa lambunan masu noman rani a gefen kogin, ka nemi izini kafin ka taka gonar mutum. Inda shanu ke kiwo za ka iya ganin wani siriri mai ciki ruwan ɗorawa yana bin ƙafafunsu yana cafke ƙwari, shi ma daga ƙetaren Sahara ya zo. Dab da magariba ka tsaya ka ƙirga balbelun da ke komawa makwanci. Ka kama hanyar gida kafin duhu.

Wani zai ce ai ga dajin Afaka nan kusa da mu. Haka ne, amma ba mu manta da Maris ɗin 2021 ba, lokacin da aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka. Babu tsuntsun da ya kai ranka. Kada ka shiga daji, kada ka ɗaga waya kusa da NDA, bariki ko filin jirgin sama. Ku tafi ku uku ko huɗu, a gida a san inda kuke.

To, in ka rubuta, wa zai amfana? A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka kafa a 2001. Tun 2015 take jagorantar aikin tattara taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma yawancin masu aikin 'yan sa-kai ne, matasa irinka, da waya a hannu da manhajar BirdLasser. Ka ga tsuntsu, ka shigar da sunansa, wayar ta ɗauki wuri da lokaci. Haka kuma duk Janairu tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a sassan duniya, har da dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda madatsun Tiga da Challawa da mamayar kacala suka sauya masa kama. Da irin wannan ƙidaya ake gane wuri ya fara mutuwa tun kafin masunci da manomi su ji a aljihunsu.

Mu koma kan ungulu. A 2015 aka saka irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba na kashe ta, ana cinikin kanta a kasuwa don tsibbu, ana sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. A Indiya, wani maganin dabbobi ya hallaka sama da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu daga shekarun 1990. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan titi suka yawaita, ga cutar haukan kare. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ashe mai sharar da muke yi wa kallon ƙazama kyauta take yi mana aiki.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta ba ka. Waya za ta gaya maka sunan tsuntsu da Turanci, amma sunansa na Hausa yana bakin kakarka. Ka lura ni ma a sama na yi ta kwatance da launi da wutsiya. Ɗauki hoto, ko da dishi-dishi ne saboda hazo, ka kai wa tsoho ko mafarauci ko Bafulatani makiyayi, ka tambaye shi. Ka rubuta sunan, ka ɗora a Facebook ko sitatus tare da unguwa da kwanan wata. In tsofaffin nan suka tafi da sunayen, mun yi asara biyu.

Ba sai ka sayi madubin hangen nesa ba. Biro, ɗan littafi, wayarka da kuɗin mota sun isa. Zaɓi Asabar ɗaya kafin zafi ya shigo baƙin su koma. Ƙaninka mai danƙo kuma ka tafi da shi, ya fi ka ido, sai dai danƙon ya kwana a gida. In Allah ya sa ka ga ungulu, ka rubuta ranar da wurin, ka sanar da mu.