Sanin Asali Ma Sana'a Ce

Jama'a, a fadar Sarkin Gobir ta Tsibiri, cikin yankin Gidan Rumji, maroƙa ne ke riƙe da sunayen sarakuna tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma da wannan sani suke cin abinci. To talaka fa, wa ke riƙe masa nasa?

A Agye da Gazawa, sau da yawa rigimar gona ko ta gado kan kai gaban alƙali don dattijon da ya san iyaka ya rasu. Matashin da ke bin tsofaffi da salula, yana naɗar maganarsu, yana rubuta wa ya haifi wa, aiki yake yi. 'Yan kasuwa maza da mata, ku biya shi ladansa kamar yadda kuke biyan tela, tun tsofaffinku na da rai.