Abin da na tsinto a Azru

Duk shekara muna raka ƴan uwanmu filin jirgin sama na Yamai, wasu su nufi Maroko, wasu Aljeriya, wasu Turkiyya ko Faransa. Bayan shekara biyu ko uku su dawo da takardar shaida a jaka, mu taru mu yi musu barka. Tambayar da ba mu cika yi musu ba ita ce: ban da aji da ɗakin kwana, ina kuka taka? Na san amsar da yawancinsu za su bayar, domin ni kaina wata shida na yi a birnin Fas ban san wata hanya ba sai wadda ta haɗa ɗakina da jami'a. A ganina, ɗalibin ilimin harshe da ya zauna wata ƙasa bai shiga ƙauyukanta da dazuzzukanta ba, ya baro rabin karatun da aka tura shi yi.

Ba na zargin kowa da lalaci, don dalilan zaman ɗaki masu ƙarfi ne. Kuɗin bursi ba ya kai ƙarshen wata. Larabcin da muka koya a islamiyya kuwa, in ka yi shi a kasuwar Fas, mai kanti zai saurare ka cikin ladabi kamar mai sauraron huɗuba, sannan ya amsa maka da Darija, wadda ta haɗiye yawancin gajerun wasulanta: inda littafi ya ce kataba, shi kteb zai ce. Harshen Bahaushe, wanda bai saba fara kalma da baƙaƙe biyu a jere ba, sai ya yi ta tuntuɓe. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Wata rana yara suka bi ni a lungu suna jifana da kalmar da ake muzanta baƙar fata da ita, na koma ɗaki ban sake fita ba sai da yunwa ta kore ni. Shi ya sa muke taruwa mu kaɗai, mu dafa shinkafa da wake, mu yi hira da Hausa da Zabarmanci, hankalinmu yana gida ta WhatsApp, jikinmu ne kawai a Maroko.

Wanda ya fitar da ni wani abokin karatuna ne, ɗan garin Azru, da ya matsa sai na bi shi gida lokacin hutun sanyi. Muka shiga irin taksin nan mai ɗaukar fasinja shida, muka yi kudu kimanin kilomita 80, ta Imuzzar da Ifran, mota tana ta hawa duwatsun Atlas na Tsakiya har kunnuwana suka toshe. A can na fara taka dusar ƙanƙara. A can kuma na shiga kurmin itacen da Larabawa ke kira arz, mai ganye kamar allura wanda ba ya kaɗewa ko da sanyi, wasu tsawonsu ya haura mita 30. Ni ɗan Adar, inda ake sanin kowane gawo na gonar gado ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a ƙarƙashinsu na rasa bakin magana. Birai marasa wutsiya suna zaune bisa ƙanƙara suna kallonmu, kamar mu ne abin kallon.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu a cikin gari na gamu da shi. A ƙofar kowane ofishin hukuma akwai allo mai rubutu iri uku: Larabci, Faransanci, da wasu haruffa masu da'ira da gicciye. Na gane su nan take, ko da yake ban iya karanta su ba. Tifinag ne, wanda na tashi ina gani a jikin azurfar da maƙeran Abzinawa ke sayarwa a Tawa. Maroko ta kafa cibiyar raya al'adun Amazig, IRCAM, a 2001. Ta zaɓi Tifinag a matsayin rubutun harshen a 2003. Kundin tsarin mulkin 2011 kuma ya ɗora Tamazigt kusa da Larabci a matsayin harshen hukuma. Duk wannan na iya samunsa a littafi. Abin da littafi bai ba ni ba shi ne kakan abokina.

Ranar Talata, ranar kasuwar Azru, muka same shi a wajen masu tumaki. Ya miƙa wa jikansa buta ya ce masa wani abu, na tsinci kalma guda: aman. Ruwa ke nan, kuma haka maƙwabtanmu Abzinawa suke faɗa. Na ce wa abokina ya tambaye shi sunan raƙumi, ya ce alghem. Nan na tuna darasin shekara ta biyu, cewa raƙumi da takobi da takarda da azurfa duk daga harsunan Berber suka shigo Hausa, batun da Maarten Kossmann ya rubuta littafi sukutum a kansa a 2005. Na kuma tuna cewa Amazig na Atlas da Amajeg na ƙasarmu kalma ɗaya ce, z ta can ita ce j ta nan, ita ce kuma sh ta Tamashek da h ta Tamahak. Na taɓa rubuta wannan a takardar jarrabawa na ci maki, amma sai ranar nan, cikin warin tumaki da hayaƙin gasasshen nama, na yarda da shi.

Tsohon nan bai iya karanta allunan da aka rubuta da harshensa ba. Ƙananan jikokinsa kuma, in ya yi musu Tamazigt, da Darija suke amsawa. Wanda ya tsaya a ɗakin karatu na Rabat yana nazarin dokoki zai rubuta cewa harshen ya samu ɗaukaka, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda ya kwana uku a gidan nan zai ƙara da cewa ɗaukakar tana kan allo, a bakin murhu kuwa harshen yana ja da baya. Dukanmu mun san wace makala ce ta fi amfani ga ƙasa irin tamu, mai harsuna da yawa.

Washegari ya ɗauke mu kiwo. Yana tafe yana nuna ciyayi da sandarsa, yana faɗin sunan kowace da abin da take yi wa dabba. Can ya juyo ya ce, “Ɗana, ku fa a garinku, me tumaki ke ci?” Na ce, “Baba, akwai gawo, da kalgo, da sabara, da ƙarangiya.” Na ƙara biyu ko uku, sai rumbuna ya ƙare. Ni da nake shirya kundi a kan ginin jimlar Hausa, ban kai sunan ciyawa goma ba.

Wani zai ce digiri aka tura mu nema, ba yawon buɗe ido ba. Na yarda, kuma ba yawon buɗe ido nake kira a yi ba. Na ga masu yinsa a bakin kurmin, suna ba birai gyaɗa, su ɗauki hoto, su koma mota. Abin da nake nufi aikin fili ne, wanda malamanmu suke koya mana a aji sannan mu ajiye shi sai ranar rubuta kundi. Kayansa littafin aljihu ne da alƙalami da haƙurin zama da mutane, kuɗin motar kuma bai kai abin da muke kashewa a intanet a wata guda ba. Ina roƙon sashenmu ya mai da wannan al'ada: duk wanda ya dawo daga waje, a ba shi sa'a guda a gaban ɗalibai, ya buɗe littafinsa ya gaya mana abin da kunnensa ya ji a kasuwa da ƙauye.

Abin da ya fi damuna ban faɗa wa abokina ba. Shekara ashirin na yi a Tawa, katanga ɗaya tsakaninmu da masu Tamajak. Su sun koyi Hausa tas, ni ko gaisuwarsu ban cika ba, kuma ban taɓa jin wannan a matsayin rashi ba, tun da kowa yana jin harshena. Da na dawo hutu, na ɗauki littafin nan na Azru na tafi wurin wani maƙerin azurfa a unguwarmu, na nuna masa haruffan da na kwafo daga allunan Maroko. Ya gane gicciyen ta da da'irar ra, amma ya yi dariya da ya ga an ba kowane wasali harafinsa. Ya ce su ba sa ɓata wuri da rubuta abin da mai karatu ya riga ya sani. Sannan ya share ƙasa da tafin hannu, ya ce in matso.